Matar da mijinta ya rasu tana da nakasa: wane ofis za ta nufa a Kaduna?

Maman_Ilham_Rigasa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga lauyoyi da ma'aikatan fansho da likitocin da ke cikinmu. Wani bidiyo na yawo a WhatsApp, wai akwai kuɗin nakasa da gwamnati ke biyan macen da mijinta ya rasu duk wata in ta kai shekara 50, har an sa lambar wanda zai cike wa mutum fom. Mata da yawa sun ɗauka da gaske. Ga misali don amsa ta fito fili: mace ce 'yar shekara 46, idonta ya tafi sanadin hawan jinin ido tun kafin rasuwar. Mijin ma'aikacin kamfani ne mai zaman kansa, ya rasu a haɗarin mota yana komawa gida daga aiki, yau wata biyu. 'Ya'ya biyu, babban ya haura 21 yana jami'a, ƙaramar tana sakandare. Akwai abin da za ta nema saboda nakasarta? Wane ofis, da waɗanne takardu?

Abu_Sadiq_Kawo:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ku hana kowa kiran lambar nan. Abin da bidiyon ya kwatanta tsarin Amurka ne, aka ɗebo shi aka liƙa masa lambar ɗan damfara. A can hukumar SSA, mai kula da fansho da tallafin jama'a, tana biyan mace ko namijin da abokin zamansa ya rasu tun daga shekara 50 in yana da nakasa, ba sai ya jira 60 kamar sauran ba. Sharaɗin shi ne nakasar ta fara kafin rasuwar ko cikin shekara 7 bayanta, auren ya kai wata 9, mamacin kuma ya yi aiki a can yana biyan harajin tsarin. Kashi 71.5 cikin ɗari na abin da mamacin zai karɓa ake bayarwa. Ko a can ɗin ma ba a nema ta intanet, sai ta waya ko a je ofis. Wadda mijinta bai taɓa aiki a Amurka ba, ba ta da ko kwabo a ciki.

Barista_Bida_Road:
Gaskiyar Abu Sadiq ce. A Najeriya babu dokar tarayya da ta ce a biya mai nakasa kuɗi duk wata, balle wani kaso na daban ga matar mamaci. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da ilimi kyauta har ƙarshen sakandare, da kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, da fifiko a layi, da tilasta gyara gine-gine yadda mai keke zai iya shiga. Kuɗin wata ba ya ciki. Haƙƙin baiwar Allah nan ta aikin mijinta zai biyo: kuɗin da ke asusun fanshonsa, inshorar rai da doka ta wajabta wa kamfani ya yi masa, da diyyar NSITF, hukumar tarayya mai biyan diyyar haɗarin aiki, tunda a hanyar aiki ya rasu. Kowanne ofishinsa daban, takardunsa daban. A fara da NSITF, domin shi ne mai wa'adi, kuma a cikinsa ne kawai doka ta ambaci nakasar matar.

Ɗan_Ƙwadago_Kakuri:
Barista ya taɓo wurin. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ce ke aiki a nan. Kamfani ke zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, kuma ba shi da ikon cire wannan daga albashin kowa. Sashe na 7 ya haɗa da haɗarin da ya auku tsakanin wurin aiki da gidan ma'aikaci, saboda haka kada wani manaja ya ce ai ya riga ya tashi daga aiki, ba ruwansu.

Lissafin yana sashe na 17, kuma biyan wata-wata ne daga albashin mamacin na lokacin rasuwa. Mata da 'ya'ya biyu ko fiye, kashi 90. Mata da ɗa ɗaya, kashi 85. Matar da ba ta da ɗan da ake lissafawa, in ta kai shekara 50 ko tana da nakasar da ta hana ta neman na kanta, kashi 60. In lafiyarta ƙalau kuma ba ta kai 50 ba, ana zare kashi 1 daga 60 ɗin kan kowace shekara da ta rage mata, amma ba ya sauka ƙasa da 30. Mu ce albashi Naira 200,000 ne. 'Yar shekara 30 mai lafiya, babu ɗa, kashi 40 ke nan, 80,000. Irinta mai nakasa 120,000 za ta karɓa. Ga inda nakasa ke da tasiri.

Wa'adi kuwa: iyali su sanar da kamfani cikin kwana 14, kamfani ya kai rahoto NSITF, a shigar da neman diyya cikin shekara 1 daga ranar rasuwa. Ana iya sassautawa zuwa shekara 3 in hukumar ta gamsu akwai uzuri na musamman, amma kada a dogara da wannan.

Maman_Ilham_Rigasa:
Innalillahi. Malam, kwana 14 ai sun wuce tuni. Shi ke nan ta rasa?

Ɗan_Ƙwadago_Kakuri:
A'a Hajiya. Dokar da kanta ta yi rangwame in kamfani ya riga ya san da rasuwar, kuma da wuya a ce ma'aikaci ya rasu ofis bai ji ba. Amma a rubuta wasiƙa gobe: sunan mamaci, lambar aikinsa, rana da lokaci da wurin haɗarin, da cewa daga aiki yake komawa. A kai kwafi biyu, a sa su buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, a dawo da shi gida. Sannan a je ofishin NSITF na Kaduna a tambaya ko kamfanin yana da rajista kuma yana zuba kuɗi. Zuwa da kai ya fi saƙo, kada a tsaya kan abin da ofishin ma'aikata na kamfanin ya faɗa da baki.

Baban_Zee:
To ita kashi 90 za ta samu ke nan, tunda babban yana jami'a. Na san ana lissafa yaro har ya gama digiri.

Barista_Bida_Road:
Ba haka ba ne Baban Zee. Cewa aka yi har ya kai 21 ko ya gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ya haura 21 ya fita ko yana aji biyu a jami'a. Ƙaramar ce kawai a lissafi, kashi 85 ke nan. Yaro mai nakasa ne kawai doka ta ware daga wannan iyakar shekarun. Kuma duk da nakasar uwar ba ta ƙara komai a kan 85 ɗin yanzu, a sa rahoton likita a fayil tun ranar farko. Yarinyar za ta girma, kuma duk lissafin da za a yi gaba, da abin da ke cikin fayil za a yi shi.

Dokta_Mando:
Bari in yi magana kan rahoton, don nan ake yawan tuntuɓe. Katin asibiti da takardar sayen magani ba rahoto ba ne. Ana son wasiƙa a kan takardar asibitin gwamnati, da sunan likitan da ya duba ta, da sa hannunsa, da hatimi. Ga ido a je Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke hanyar Mando ko sashen ido na Barau Dikko. Ga kunne akwai Cibiyar Kunne ta Ƙasa a nan Kaduna, ga taɓin hankali asibitin Barnawa, ga ƙashi da laka asibitin koyarwa na Shika ko na ƙashi da ke Dala a Kano.

Abin da ya kamata ya fito a ciki: sunan cutar, ranar da aka fara ganinta a asibiti, ma'aunin ganin kowane ido, sakamakon gwajin faɗin gani, da bayani ƙarara cewa ganin ba zai dawo ba kuma ba za ta iya aikin neman abinci ba. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda idonsa mai dama-dama bai kai 3/60 ba shi ne makaho. Ranar fara ciwon ta fi komai nauyi, domin doka halin da matar take ciki a ranar rasuwar mijin take dubawa. In rahoto ya fito da kwanan watan bana kawai, babu tarihin baya, ana iya cewa bayan rasuwa ta makance. Shi ya sa a koma asibitin da tsohon fayil ɗinta yake, a nemi su ciro shi. A kuma bambance hawan jinin ido da yanar ido. Ita yanar ido ana cire ta da tiyata gani ya dawo, likita ba zai rubuta ta a matsayin nakasa ta dindindin ba. Abin da hawan jinin ido ya cinye na jijiya ba ya dawowa, amma a ci gaba da ɗiga magani ko don tsare ɗan abin da ya rage.

Ummu_Rigachikun:
Allah ya saka da alheri Likita. Wannan na tsohon fayil ɗin mutane da yawa ba su san shi ba.

Akawu_Mai_Ritaya:
Na fansho kuma ga yadda yake. Da farko a gano kamfanin fanshon da mamacin yake, wato PFA, da lambarsa mai farawa da PEN. Ana samu a takardar albashi, ko saƙonnin da ke shigowa wayarsa, ko a ofishinsu. Kada a bari layin wayarsa ya mutu, yana da amfani har a gama. A je PFA a ba da sanarwar rasuwa a karɓi jerin takardun da suke so. Galibi: shaidar likita ta sanadin mutuwa, takardar rajistar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, rahoton 'yan sanda tunda haɗari ne, wasiƙar kamfani mai tabbatar da rasuwa, hotuna da katin shaida na masu karɓa, da takardar kotu ta wakilcin dukiyar mamaci.

A nemi cikakken bayanin asusun tun daga ranar da ya fara aiki, a bi shi wata-wata. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8, kuma kuɗin su shiga cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Kamfanoni da dama suna cira a albashi ba sa turawa. In an ga watanni babu komai, a rubuta wa kamfanin, in ya yi kunnen uwar shegu a kai ƙara PenCom, hukumar da ke sa ido kan harkar fansho ta ƙasa. Akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari duk wata ba kan abin da aka riƙe.

Inshorar rai daban ce. Sashe na 4 na dokar fanshon ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. A misalin Ɗan Ƙwadago na 200,000, Naira miliyan 7 da dubu 200 ke nan, in duka 200,000 ɗin ne takardar aiki ta kira jimillar albashi. Kamfanin da bai yi inshorar ba, shi zai biya daga aljihunsa. Wannan ba shi da alaƙa da yadda mutum ya rasu, ko ciwon gida ne ana biya.

Hajiya_Barnawa:
Duk wannan zirga-zirgar, mace tana cikin takaba fa. Wata biyu kawai. Ga ido babu. Malamai ku ce wani abu, don wasu dangin da takabar suke fakewa su karɓe takardu su ce za su yi mata, daga nan ba ta ƙara jin labari ba.

Malam_Unguwar_Sarki:
Hajiya, takaba wata huɗu da kwana goma ce, mai ciki kuma sai ta haihu. Abin da aka hana shi ne ado da ƙamshi da ɗaura aure da kwana a wani gida ba na mijin ba. Fita da rana don buƙata ta halatta, kuma zuwa kotu ko asibiti ko banki don tsare haƙƙinta da na marainiya buƙata ce babba. Ta fita da ɗanta ko ɗan'uwanta, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Wanda ya hana ta fita da sunan addini sannan ya riƙe takardunta, ya ji tsoron Allah.

Barista_Bida_Road:
Allah ya gafarta Malam, wannan ya warware. Kan takardar wakilcin dukiya: ana nema a rajistarar gado ta Babbar Kotun Jiha. Za a cike fom, a ba da jerin dukiyar mamacin, a karɓi takardar da za a zaga da ita bankuna da PFA su rubuta abin da ke cikin kowane asusu. Kotu na karɓar kaso bisa darajar abin da aka lissafa. Ana kawo mutum biyu masu tsayawa, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 21 ko wani zai yi jayayya. Galibi mutum biyu ake naɗawa wakilai, musamman in akwai ƙaramin yaro. Ita da babban ɗanta sun wadatar. Kuskuren da ke maida mutane baya shi ne a manta ba a sa asusun fansho a jerin ba. PFA ba za ta saki kuɗin da takardar ba ta ambata ba, sai an koma kotu an ƙara, an sake biya.

A Arewa akwai PFA da ke karɓar umarni mai hatimi daga babbar kotun shari'a ko ta yanki a madadin waccan. Ya fi sauri, amma a tambayi PFA da bankin tukuna a ji wanne za su karɓa kafin a kashe kuɗi.

Sannan duk rantsuwar kotu da makauniya za ta yi, dole a rubuta a ƙasa cewa an karanta mata, an fassara mata da harshen da take ji, ta fahimta kafin ta dangwala. In babu wannan, lauyan wani ɓangare zai iya rushe takardar. Kuma kada ta dangwala wa kowace takardar sulhu ko yafiya daga ɓangaren direban da ya yi haɗarin sai lauya ya duba, domin tana iya taɓa diyyar NSITF.

Sadiya_Kabala:
Idan kuma an ɗauko gawa daga wurin haɗari aka wuce maƙabarta kai tsaye fa? Mu dai an san ba ma kwana da gawa. Babu takardar likita ke nan.

Akawu_Mai_Ritaya:
Yana faruwa sosai 'yata. Sai a haɗa rahoton 'yan sanda na ofishin da abin ya faru a yankinsa, da na jami'an kiyaye haɗurra in sun je wurin, da rantsuwar kotu daga wanda ya halarci jana'iza, da wasiƙar limamin da ya yi salla ko mai unguwa. Da waɗannan ake zuwa Hukumar Ƙidaya a yi rajistar mutuwar. A lura kwanan watan rasuwa ya zama ɗaya a duk takardun. Bambancin kwana ɗaya tsakanin na 'yan sanda da na kamfani ya isa ya kwantar da fayil wata da watanni. Haka suna: in NIN ta ce Muhammad, PFA ta ce Mohammed, a gyara da rantsuwa kafin a miƙa.

Baban_Zee:
Wai shin ba wanda mamaci ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa ne ke karɓar komai ba? In ƙanensa ya rubuta tun yana saurayi fa?

Malam_Unguwar_Sarki:
Wanda aka rubuta a fom wakili ne da za a tuntuɓa, ba magaji ba ne. Kuɗin da ke asusun fansho guminsa ne, dukiyarsa ce, gado ne. A fitar da bashi, har da sadakin da bai cika ba in akwai, sannan wasiyya, sannan a raba. Mata tana da tumuni in akwai ɗa, rubu'i in babu, kuma in su biyu ne ko huɗu wannan kason za su raba tsakaninsu. Nakasa ba ta ƙara wa magaji kaso, ba ta kuma rage masa.

Ustaz_Hayin_Banki:
Na yarda da Malam kan fansho. Amma kuɗin inshorar rai da na NSITF malamai sun saɓa. Wasu na ganin mamaci bai mallake su yana raye ba, kyauta ce daga mai ɗaukar aiki ga waɗanda aka ambata, don haka ba sa shiga rabon gado. Wasu sun ƙiyasta su da diyya, ita kuwa diyya ana gadonta. Ni na fi karkata ga cewa na NSITF na matar da yarinyar ne, tunda doka ta ambace su da siffarsu, kuma biyan wata-wata ne a madadin ciyarwar da suka rasa.

Malam_Unguwar_Sarki:
Kan na NSITF ba ni da ja, Ustaz. Kan inshorar rai ina nan a kan cewa sakamakon aikinsa ce, tana cikin sharuɗɗan ɗaukarsa, a kai wa alƙali ya raba.

Barista_Bida_Road:
A dokar ƙasa dai, sashe na 8 na dokar fansho ya ce kamfanin inshora ya biya wanda mamacin ya ambata a fom ɗin masu amfana. In bai cike fom ɗin ba ne ake komawa ga takardar kotu. Abin da iyali za su yi da kuɗin bayan sun shigo, tsakaninsu da malamansu ne.

Yakubu_Sabon_Tasha:
Kun fi mayar da hankali kan mata. Namiji mai nakasa da matarsa ma'aikaciya ta rasu fa? Akwai makafi da guragu da albashin matansu malaman makaranta ko nas ne ke riƙe da gidan.

Ɗan_Ƙwadago_Kakuri:
Daidai suke a dokar, Malam Yakubu. Sashe na 17 ya ambaci matar mamaci da mijin mamaciya tare, kashi ɗaya ne. Abin da za a nema ya nuna shi ne da samunta ya dogara, kuma rahoton likita irin wanda Dokta ya zayyana shi ne babbar hujjarsa. Fansho da inshorar rai ma babu bambanci. Sai dai a tuna NSITF sai in aiki ne sanadin rasuwar, ko haɗari a bakin aiki ko a hanyarsa, ko cutar da aikin ya jawo. Wadda ta rasu wurin haihuwa ko ciwon suga, babu diyyar NSITF, sauran biyun ne kawai. A gado kuma miji rabi gare shi in babu ɗa, rubu'i in akwai.

Mai_Keke_Tudun_Wada:
Ina karantawa tun ɗazu. Duk bayanin nan na matar ma'aikaci ne. Mafi yawan masu nakasar da mazansu suka rasu, mazan 'yan tireda ne, 'yan acaba, masu faskare. Babu PFA, babu NSITF. Su ina za su? Jigawa tun 2007 zamanin Sule Lamido ta fara biyan masu nakasa Naira 7,000 duk wata. Abin da ya kamata ƙungiyoyinmu su matsa a kai ke nan a Kaduna, doka ce mai kuɗin wata, ba rabon shinkafa da azumi ba.

Anti_Jummai_Malali:
Maganarka dutse, ɗan'uwa. Kafin a kai can ga abin da ke ƙasa. Kaduna ta yi dokarta ta masu nakasa a 2021, akwai hukumar kula da al'amuransu ta jiha, da cibiyar koyar da sana'a a Kakuri. A je a yi rajista da hukumar, a kuma shiga reshen JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa, na ƙaramar hukuma ta ɓangaren da ya dace, makafi ko kurame ko guragu, domin in tallafi ya zo ta hannun shugabannin nan ake neman sunaye. A yi NIN da katin zama ɗan jiha da asusun banki da sunanta ita kanta. Kan lafiya, KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, na sa marasa galihu a inshorar lafiya kyauta da kuɗin asusun lafiya na matakin farko, a tambaya a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa ko an buɗe rajista. Rajistar talakawa ta ƙasa kuwa, wadda aka yi amfani da ita wurin biyan Naira 25,000 sau uku da aka sanar a 2023, ba a cike mata fom a shagon kwamfuta. Jami'ai ke zuwa unguwa, jama'a su zauna su fitar da gidajen da suka fi buƙata. Abin yi shi ne mai unguwa ya san da ita. Duk wanda ya ce a ba shi dubu biyu ya sa suna, ɓarawo ne.

Mai_Keke_Tudun_Wada:
Na gode Anti. Sai dai rajista ba ta sa tukunya a wuta. Mutum na iya yin duka waɗannan ya shekara bai ga komai ba, a faɗa wa mata gaskiya kada su sa rai fiye da kima.

Anti_Jummai_Malali:
Haka ne, babu tabbas a cikinsu. Shi ya sa in mijin yana ƙungiyar sana'a, ta direbobi ko ta 'yan kasuwa, a bincika ko yana da ajiya ko adashi a can, a kuma kai sunanta kwamitin zakka na masallaci ko na taimakon gwauraye a coci.

Akawu_Mai_Ritaya:
Ƙari ga waɗanda mazansu ma'aikatan gwamnati ne, don kada a je ofishin da ba shi ba. Na jiha da na ƙananan hukumomi, Hukumar Fansho ta Jihar Kaduna, kuma jihar ta koma tsarin karo-karo a Janairun 2017, don haka wanda ya fara aiki kafin nan yana da haƙƙin shekarun baya da ake lissafawa daban. Tsofaffin 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari, hukumar PTAD ce ke kula da su. Sojoji, hukumar fanshon soja, kuma dokar diyya ta 2010 ba ta shafi soja mai kaki ba. In mijin ya riga ya yi ritaya kafin rasuwa, a duba wanne ya zaɓa. Mai karɓa wata-wata daga PFA, abin da ya saura a asusu na magada ne. Wanda ya miƙa kuɗinsa ga kamfanin inshora don biyan har mutuwa, shekara 10 ce aka lamunce: in ya rasu a cikinsu a biya ragowar, in ya wuce su babu saura. A kuma nemi kuɗin asusun gidaje na kashi 2.5 da ake cira a albashi, bankin ba da lamunin gidaje na tarayya, FMBN, na mayar wa magada.

Nana_Banki:
Abu ɗaya daga ɓangaren banki. Kuɗin fansho asusun dukiyar mamaci ake turawa in wakilai sun fi ɗaya, a buɗe shi da sharaɗin sai duka biyun sun sa hannu. Nata kason da na NSITF su shiga asusunta na kanta mai BVN ɗinta, saƙon shigar kuɗi ya riƙa zuwa wayar da ke hannunta. Wayoyin Android suna da manhajar TalkBack mai karanta saƙo da murya, ɗanta ya kunna mata ya koya mata. Kada a cire da katin mamacin bayan rasuwa ko da an san lambar sirri, yana jawo rigima da sauran magada kuma banki na iya ɗaukarsa laifi.

Maman_Ilham_Rigasa:
Allah ya biya ku duka. An tambayo, kamfanin sun ce inshorar rai suna da ita, amma kan NSITF sun ce sai manaja ya dawo daga tafiya. In ya tabbata ba su yi rajista ba fa, Barista?

Barista_Bida_Road:
Kada ku jira manaja, Hajiya. Ku shigar da neman diyyar a NSITF da kanku a rubuce, da kwafin wasiƙar da kamfani ya buga wa hatimi, da takardar ɗaukarsa aiki, da takardun albashin watannin ƙarshe, da shaidar aure, da takardar haihuwar yarinyar, da rahoton likita. Rashin rajista laifin kamfani ne a doka, kuma hukumar na da ikon bin sa. In aka ƙi biya, a nemi a ba ku ƙin a rubuce, domin kwana 180 kuke da su na ɗaukaka ƙara a gaban hukumar, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. In babu kuɗin lauya, a je Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko reshen FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata, na Kaduna.

Sadiya_Kabala:
Shaidar aure kuma, auren da aka ɗaura a ƙofar gida shekara ashirin da wani abu, babu takarda?

Barista_Bida_Road:
Rantsuwar kotu daga waliyyinta ko ɗaya daga cikin shaidun ɗaurin auren, a haɗa da wasiƙar limamin unguwar. In mamacin ya rubuta sunanta a fayil ɗinsa na ofis ko a katin inshorar lafiya, a nemi kwafin wannan shafin ma a ɗora a kai.